Motar lantarki, yawan haihuwa da jari-hujja: amsa ga wata majalisa a ƙasar Taura

Wani malamin firamare daga wani ƙauye kusa da Gujungu ya aiko mini da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Injiniya. Mako biyu ke nan muna gardama a majalisarmu bayan sallar isha'i. Wani ya ce motoci masu aiki da lantarki ne za su raba mu da tsadar fetur da hayaƙi. Wani ya ce wannan abin masu kuɗi ne, talaka ko a mafarki. Ƙanena da ya dawo daga jami'a ya ce duk ɓata bakinmu muke, mutane ne suka yi wa duniya yawa, mu masu haihuwa da yawa mu ke cinye ƙasa. Wani dattijonmu kuma, tsohon ɗan PRP, ya ce kada a ɗora wa haihuwa laifi, jari-hujja ce ta ɓata duniya. Wa ke da gaskiya a cikinsu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan tambaya, domin shekaru na yi ina haɗa sola da injinan ban-ruwa a fadamun da ke tsakanin Kura da Haɗeja, kuma irin gardamar nan na sha jin ta a bakin rijiya da rumfar mai shayi. Bari in fara da ƙarfen kansa, tunda shi na fi sani.

Injin fetur ɓarnatacce ne. A cikin kowace lita da ka zuba, abin da ke juya taya bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba, sauran duk zafi ne da hayaƙi. Shi ya sa ba ka iya dafa kan inji bayan tafiya. Kowace lita kuma tana sakin iskar kabon wajen kilo 2.3. Injin lantarki kuwa yana mayar da fiye da kashi 85 na wutar da ya sha zuwa motsi, ba shi da fulogi, ba kafireto, ba salansa, ba juyen baƙin mai. A wannan fage mutumin farko bai yi ƙarya ba, kuma duniya ta riga ta karkata can. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. A Nowe kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka saya a wannan shekara ta lantarki ce. A nan Afirka ma Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal tun farkon 2024, saboda tana da wutar madatsun ruwa mai araha, kuma kuɗin waje da take kashewa wajen sayo mai ya ishe ta.

Sai dai Habasha ta fara tanadin wutar kafin ta yi dokar. Mu fa? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wutar da babban layi ke rabawa tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Kun tuna watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, muka yi kwanaki a duhu. Ƙauyuka da yawa a ƙasarku ma ba su san an ɗauke ba, don ba su taɓa ganin ta ba.

Ga lissafi ka kai wa majalisa. Ƙaramar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 na wuta a tafiyar kilomita 100. Idan babu wutar layi, aka ce za a yi caji da ƙaramin janareta irin na gida, lita ɗaya ba ta ba da fiye da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan sai ka ƙona wajen lita takwas zuwa goma sha uku kafin ka sami cajin tafiyar da tsohuwar Corolla za ta yi da lita bakwai ko takwas. An yi asarar kuɗi, hayaƙin kuma ya ƙaru. Duk wanda ya kawo maka zancen motar lantarki, abu na farko da za ka tambaye shi shi ne inda wutar za ta fito.

Batun tsada ba ya buƙatar dogon bayani. A 2024, motar lantarki mafi araha da kamfanin BYD ke sayarwa a cikin Sin tana kusan dala 10,000. A canjin naira 1,500 ta kama naira miliyan 15, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikaci zai tara albashinsa kaf, bai ci bai sha ba, har shekara goma sha takwas. Mutum na biyu ya gama magana a nan. Mu dama ba sabuwar mota muke saya ba, 'yar Kwatano muke jira, kuma a nan ne nake jin tsoro. Nan da wasu shekaru motocin lantarkin da Turai ta gaji da su za su fara sauka a kasuwanninmu. Tsohon inji bakanike zai saurari ƙararsa ya gaya maka lafiyarsa. Tsohon batir ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, sai an sa masa na'ura, alhali shi ne abu mafi tsada a jikin motar. Wanda ya saya ba gwaji ya yi cinikin biri a sama. Ga zafinmu na watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, kuma zafi yana rage wa batirin litiyam kwana.

Amma kada a rufe littafin a nan, domin kuskuren majalisarku shi ne kun tsaya a kan mota. Mutum nawa ne a ƙauyenku ke da mota? Abin da ke cin fetur a karkara babur ne, da A Daidaita Sahu, da injin niƙa, da injin ban-ruwa. A kansu ne lantarki ke da amfani yau, ba sai gobe ba.

Ɗauki babur. Ɗan acaɓa mai ɗaukar fasinja da buhu zai sha wajen lita biyu da rabi a kilomita 100. Mu sa lita naira dubu don sauƙin lissafi, naira 2,500 ke nan. Babur na lantarki zai yi wannan tafiya da yunit huɗu zuwa biyar, kuma a irin ranar da Allah ya ba mu a Kano da Jigawa, manyan faifan sola biyu kacal za su iya samar da wannan a yini, in ana goge musu ƙura. Matsalar ita ce lokacin da rana ke bugawa shi ne lokacin da ɗan acaɓa ke kan hanya. Shi ya sa a Ruwanda da Binin da Togo aka ɓullo da rumfunan musayar batir: ka shigo da wanda ya ƙare, a ɗora maka cikakke cikin 'yan mintuna, ka biya kuɗin caji ka wuce. Har ta kai birnin Kigali ya daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista daga Janairun 2025. A Maiduguri ma wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir. Ba wani sihiri a ciki, yaranmu da ke gyaran waya da haɗa sola a kasuwar Gujungu za su iya koyo.

Injin ban-ruwa kuwa ya fi duka sauƙi, don shi ko batir ba ya so. Rana ta fito, ruwa ya hau, rana ta faɗi, a naɗe tiyo. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce dubu, na ga manoman rani a wajen Auyo da Ringim da suka rage fadin gonar shinkafa, wasu suka bar ta kwata-kwata, saboda kuɗin mai ya cinye ribar tun kafin a kai ga girbi. Waɗanda suka samu suka sa famfon sola sun huta da bin 'yan bumburutu da jarka. Idan gwamnati ko wani mai hali ya tambaye ni inda zai sa naira miliyan 15, ba zan ce ya sayo mota ɗaya ba, zan ce ya raba ta famfunan sola ga manoma.

Ina faɗar wannan da nauyi a zuciyata, domin ku mutanen Taura kun fi kowa sanin abin da tsadar mai ke jawowa. Daren da tankar fetur ta faɗi a Majiya, a tsakiyar Oktoban 2024, mutum sama da 170 suka rasu, akasarinsu matasa da suka je kwasar mai. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Duk lokacin da ake zancen rage dogaro da fetur, ni su nake tunawa kafin in tuna da ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya.

Yanzu ga ƙanenka. Ka gaya masa na gode da ya yi tunani, amma ya haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Idan zancen hayaƙin da ke ɗumama duniya ake, alƙaluma ba su tare da shi. Afirka gaba ɗayanta, da mutanenta kusan biliyan ɗaya da rabi, ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya. Ɗan Najeriya ɗaya, a matsakaici, yana fitar da wajen rabin tan a shekara, Ba'amurke ɗaya kuwa wajen tan 14. Wato gida mai mutum ashirin a ƙauyenku bai kai Ba'amurke guda ba, kuma wannan lissafin ma ya haɗa da masu motoci da janaretocin Legas da Abuja, balle manomin da jaki da keke ne abin hawansa. Ƙungiyar Oxfam ta lissafa cewa a 2019 kashi ɗaya cikin ɗari na masu kuɗin duniya sun fitar da hayaƙi daidai da na mutum biliyan biyar mafiya talauci. Wanda ya ga wannan ya koma yana zargin matar da ta haifi bakwai a Kafin Hausa, ya bar jaki yana dukan taiki. Ita ce ma ruwa ya ci gidanta a ambaliyar 2022.

Ko a batun ƙasar noma, yawan mutane ba kullum ne ke kashe ta ba, kuma hujjar tana nan ƙofar gidanmu. Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka fi cunkoso a duk yankin. Masana da yawa sun ɗauka ƙasar za ta mutu. Abin da ya tarar shi ne gonaki ana noma su kowace shekara ba hutu, amma suna ba da amfani, saboda akwai hannayen da za su kai taki, su ɗaure dabbobi su tara kashinsu, su haɗa gero da wake da gyaɗa, su bar gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona. Jakai su shiga birni da itace su fito da taki. A Jamhuriyar Nijar, wajen Maraɗi da Damagaram, manoma sun farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin hekta miliyan biyar tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture ya girma, kuma a daidai lokacin da yawansu ke ƙaruwa suka yi hakan.

Duk da haka ba zan yi maka daɗin baki ba. Akwai inda maganar ƙanenka ke da nauyi, kuma a cikin gidajenmu ne. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum miliyan 4.3, Kano miliyan 9.4, kowa kuma ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Jigawa tana haihuwar kusan bakwai a matsakaici. Gonar da kakanka ya noma shi kaɗai yau an raba ta gado gida goma sha. Burtali ya shige gona, rikici da makiyaya ya ƙaru. Kai malami ne, ka san yawan yaran da ke zaune a ƙasa a ajinka. Kuma matan da ke haihuwa a jere ba hutu su ke fin shiga haɗari. Wannan magana ce ta lafiyar uwa da tarbiyyar yaro, wadda miji da mata za su yi da malamansu da ma'aikatan asibiti, kuma shayarwa ta shekara biyu cikakku da Alƙur'ani ya ambata ita kanta tazara ce. Abin da aka gani a ƙasashe da yawa, har da na Musulmi irin su Bangladash da Iran, shi ne idan yara suka daina mutuwa da ƙuruciya, 'yan mata suka yi karatu, iyalai da kansu suke daidaita haihuwa. Sai a yi wannan don amfanin gidan, kada a ɗora wa talaka laifin hayaƙin da bai tayar ba.

Saura Baba. Dattijon nan ya fi kowa kusa da jijiyar maganar, ko da yake zan ƙara masa wani abu. Yadda kasuwa ke tafiya, mai kamfani yana lissafin abin da ya biya ne kawai. Abin da bai biya ba, kamar ruwan da ya gurɓata ko huhun da ya lalace, ba ya shiga littafinsa, sai ya zama riba. Tun 1956 da aka sami mai a Oloibiri, a yankin Neja Dalta, ake haƙa, a 2011 kuma hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ba sai mun je kudu ba ma. Wanda ya san Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano ya san launin ruwan da ke fitowa daga masana'antu ya gangara rafi, kuma da shi wasu ke ban-ruwan latas da kabeji.

Motar lantarki ba ta tsira daga wannan hali ba. Wajen kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobal da ake sa wa a batira daga Kwango yake fitowa, kuma a yankin Kolwezi akwai masu haƙa da hannu, har da yara, a ramukan da ke ruftawa. Mai hawa motar a Turai yana shaƙar iska mai tsabta, mai haƙa yana shaƙar ƙura. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An fara yin batiran da ba su buƙatar kobal, wannan ci gaba ne, amma galibinsu sai da litiyam, kuma yanzu a ƙasarmu ake haƙarsa, a Nasarawa da Kwara da Kaduna. A 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Nasarawa. Idan ba mu tsaya ba, labarin Neja Dalta zai maimaita kansa a Arewa, a kwashe dutse a bar mana rami.

Abin da zan ƙara wa Baba shi ne ɓarna ba ta san tuta ba. Tarayyar Sobiyet ba ƙasar 'yan jari-hujja ba ce, amma ita ta karkatar da kogunan da ke ciyar da tekun Aral don noman auduga, har tekun ya ƙafe, jiragen kamun kifi suka zauna a kan rairayi. Duk inda mai yanke hukunci yake nesa da mai shan wahala, kuma mai shan wahalar ba shi da bakin magana, haka za ta faru, ko kamfani ne ko gwamnati. Sannan gasar kasuwa, tare da tallafin da gwamnatin Sin ta zuba wa masana'antunta, ita ta karya farashin batirin litiyam da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa yau, faifan sola ma haka. Ba don wannan ba, da famfon da nake yabo bai zo fadamar Auyo ba.

Saboda haka tambayar da nake so majalisarku ta koma kanta ita ce ta mallaka. A tsarin musayar batir da na ambata, sau da yawa babur ne na ɗan acaɓa, batirin na kamfani ne. Kamfani ke sa farashin caji, kuma a wasu tsare-tsaren biyan kaɗan-kaɗan ana iya kashe na'urar daga nesa ranar da aka makara da biya. Yaron da ya gudu daga gidan mai zai iya faɗawa hannun da ya fi shi ƙarfi, ya wuni yana aiki don balas. Amma rumfar caji ba matatar mai ba ce. Matatar Dangote sai Dangote, rumfa mai faifai ashirin kuwa ƙungiyar 'yan acaɓa ko ta manoman rani za ta iya kafa ta da adashi da ɗan rance, da rana ta yi cajin batira da wayoyi, ta juya injin markaɗe, kuɗin ya tsaya a garin. Wannan shi ne karo na farko da makamashi ya zo a siffar da ƙauye zai iya mallaka, kuma ina ganin tsohon ɗan PRP zai gane darajar hakan fiye da kowa.

Akwai abu ɗaya da ke hana ni barci, kuma ya riga ya iso. Yawancin solar da ake haɗawa a ƙauyuka da batirin dalma ake yi, don ya fi araha, kuma a zafinmu shekara biyu ko uku yake yi ya mutu. Daga nan sai 'yan gwangwan su saya, a fasa shi da gatari, a zubar da ruwan a ƙasa, wani lokaci a narka dalmar a bayan gida. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake daka a cikin gidaje. Gubar ɗaya ce. Ba ta da wari, kuma yaron da bai mutu ba tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Kai da kake gaban allo kullum, ka gaya wa iyaye kada a fasa batir a cikin gida, kada a bar yara su yi wasa da farantansa, kada a zuba ruwansa kusa da rijiya. Na litiyam kuma in ya kumbura ko ya fashe wuta yake kamawa mai wuyar kashewa, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da rumbu.

Duk wanda ya zo garinku da tallan babur ko keke ko famfo na lantarki, ku zaunar da shi a majalisa kafin kowa ya ciro kuɗi. Ya faɗi irin batirin da shekarun garantinsa a rubuce, ya faɗi kuɗin sabo idan wannan ya mutu, ya nuna inda bakanikensa da kayan gyaransa suke, in Kano ne ko Haɗeja ko sai Legas. Sannan ya faɗi wanda zai karɓi mataccen batirin da inda za a kai shi. In ya kasa amsa ta ƙarshen nan, ku ce ya je ya dawo da ita.

A gaishe mini da Baba da sauran 'yan majalisa.